Furen Amaryar Kaka: Abin Mamaki daga Kagara zuwa Rabah

Da zarar an yanke gero an kai dammuna rumbu, sai guɗa ta fara tashi daga Kagara har Goronyo, Wurno da Rabah. Kaka ce lokacin auren manomi, don a nan ne aljihu ke yin nauyi. Yanzu kuma 'yan mata sun ga amaren birni a waya, kowace riƙe da ɗaurin furanni, sun fara tambayar wane fure za a riƙe, wace kala za a fitar. To, furannin gona da fadamar yankin nan kusan kowanne da nasa halin.

Furen da ya fi kowanne ɗaukar ido a ƙarshen damina shi ne wanda manomi ya fi tsana: ƙuduji, wanda wasu ke kira wuta-wuta. Ja-ja ne mai sirkin shunayya, in ya cika gonar dawa baƙo sai ya tsaya ɗaukar hoto. A ƙarƙashin ƙasa kuwa saiwarsa ta kama ta dawar tana tsotse ta. Tushe ɗaya na zubar da iri dubun dubata, irin kuma na iya kwana a ƙasa fiye da shekara 10 yana jiran a shuka hatsi. Amaryar da ta shiga gidan surukai manoma da wannan a hannu, ta ja wa kanta magana har jikoki.

Soɓorodon da ake sha a wurin biki, ba furen sure ba ne. Furen fari ne mai ɗan rawaya da jan ido a tsakiya, da safe yake buɗewa, kafin dare ya yi yaushi. Jan da ake tsinka a busar shi ne kofin da ke riƙe da furen, wanda ke kumbura bayan furen ya faɗi. Mutanen Meziko na sayen na Nijeriya da yawa, su ma jiƙa shi suke yi su sha da sanyi.

Furen auduga sauya riga yake yi: yau fari mai ruwan ƙwai, gobe ja-ja, jibi ya faɗi.

Bado ya fi su wulaƙanci. Yana nan shimfiɗe a tafkunan fadamar Rima, daga gindin madatsar ruwan Goronyo, wadda aka kammala a 1984, har zuwa wajen Wurno. Farin badon da dare yake buɗewa, in rana ta ɗaga ya rufe abinsa. Wato lokacin da ƙawaye suka gama kwalliya da la'asar, shi yana barci. Kakanninmu ba su damu da kyansa ba, 'ya'yansa da saiwarsa suke nema in abinci ya yi wuya.

Gawo kuwa sai da kowa ya gama sannan yake farawa. Duk damina tsirara yake tsaye, ruwa na ɗaukewa ya fitar da ganye da fure mai ruwan madara.

Tumfafiyar da ke fitowa a kufai da gefen hanya, wadda ko akuya ba ta cika waiwayarta ba, tana da 'yar uwa a ƙasar Tailan. Can furen soyayya ne, ana tsire shi a zare a rataya wa ango da amarya. A nan dai a bar ta inda take, domin farin ruwanta in ya shiga ido yana iya yin mummunar illa.

Amaryarmu fa da furenta tun tuni, a fata yake. Abin da mutane da yawa ba su lura ba shi ne bishiyar lalle na yin fure, ƙanana farare masu ƙamshin da har turare ake yi da su a Indiya. Amma launin ƙunshi a ganye yake. Kuma ba ya gama nuna ranar da aka kwance shi, yakan ci gaba da yin duhu har wajen kwana biyu, shi ya sa tsofaffi ba sa bari sai ranar kai amarya. Baƙin zanen da ake yi da dayis wani abu ne daban. Sinadarin rina gashi ke cikinsa, kuma akwai fatar da yake sa wa ƙuraje da ƙuna. A gwada a ɗan wuri tun da sauran mako, kada a wayi gari da kumburarren hannu.

Ƙamshin amarya ma ba ruwansa da fure. Duba kayan humra da turaren wuta: ƙajiji da jema saiwa ne, sandal itace ne, farce kuma murfin bakin wani dodon-koɗi ne na teku.

Haka launukan gargajiya suke, ba sa fitowa inda ido ke zato. Baba furensa ja-ja ne, amma ganyensa ke ba marina shuɗin da ake rina zane. Bagaruwa furenta rawaya ne, amma 'ya'yanta majema ke nema don jeme fatar jar akuyar Sakkwato, karan dafi ya ba ta ja. Fatar nan ta ƙetare Sahara ta isa Turai, Turawa suka yi ta rufe littattafai da ita suna kiranta fatar Maroko.

Yayin farar rigar amarya da ake ganin kamar tun fil'azal yake, bai kai Wurno tsufa ba. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya rasu a Wurno a 1837, shekarar da Sarauniya Biktoriya ta hau gadon Ingila. Sai a 1840 ta yi aure cikin farar riga da furen lemo a ka, duniya ta kwaikwaya. A ƙasar Sin kuwa farin kaya na makoki ne, ja ne na amarya. A Faransa da Italiya, furen da ya fi yawa a kakarsu na kai wa kabari ne a farkon Nuwamba, ba a shiga da shi gidan biki. Masu ɗauko kalar anko daga intanet, sai a kula.

Wardin da ake yayi fa? Kenya na nomansa a bakin tafkin Naibasha, ana ɗora shi a jirgi cikin sanyi zuwa kasuwar furanni ta Holan. Ba zai jure ranar Oktoba a Goronyo ba, shi ya sa mafi yawan wanda ake gani a hotunan biki na roba ne. Ni dai da a riƙe roba, gara a haɗa na gida: jan soɓorodo a kan karansa, ƙananan zangarniyoyin gero, farar audugar da ta fashe, da reshen lalle mai fure in an samu. Ja, fari da ruwan ƙasa ke nan, sun shiga da kusan kowace atamfa. A yanko lallen da asuba a tsoma cikin ruwan randa, sauran ukun kuwa ko rana ta kwana a kansu ba abin da zai same su.