HITAR RUWA: YADDA AKE KULA DA ITA

Sanyi ya kan tsananta a Aujara da kewayen Jahun daga Disamba zuwa Fabrairu. A wannan lokaci ne masu wutar lantarki suke jawo hita don ɗuma ruwan wanka da na alwala. Hita tana rage ƙona itace, amma sakaci da ita yana iya kashe mutum.

Idan hita ta ƙi yin zafi, a fara duba soket. A gwada rediyo a ciki. In rediyo ta kama, to laifin na hita ne ko na filoginta. Wataƙila fis ya ƙone. A sa sabon fis. Kada a ɗaura waya a madadinsa, domin hakan yana jawo gobara.

Idan ruwa yana daɗewa bai yi zafi ba, a dubi ƙwan fitila. In ya yi ja-ja, wuta ce ba ta da ƙarfi. Ƙarfin wuta in ya ragu da rabi, zafin hita kashi ɗaya cikin huɗu ne yake saura. Sai a jira, ko a kai kuka ofishin KEDCO, kamfanin da yake raba wuta a Jigawa, Kano da Katsina tun 2013.

Wani dalilin shi ne farin ɓawo da ruwan rijiya ko na burtsatse yake bari a jikin ƙarfen. Ɓawon yana tare zafi. A cire filogi, a jiƙa ƙarfen cikin ruwan lemon tsami, sannan a goge.

Hita mai wat 1,000 tana cin yunit ɗaya a awa ɗaya. Minti 20 ya isa ta ɗuma lita 10 idan wuta tana da ƙarfi. Barinta har ruwa ya tafasa asarar kuɗi ce.

Ga dokoki huɗu:

1. A yi amfani da bokitin roba. A rataye hita a jikin sanda don kada ta taɓa robar.
2. A tsoma ta cikin ruwa kafin a kunna. In ta yi zafi a bushe za ta ƙone.
3. Kada a sa hannu a ruwa sai an zare filogi.
4. A hana yara zuwa kusa.

Hitar da ta tsage, ko ta taɓa jan wani, a jefar da ita. Kuɗin sabuwa bai kai ran mutum ba.