Murjanin Da Ke Rayuwa Da Haske

Galibinmu mun san murjani a wuyan mata ne kaɗai, har muna zaton dutse ne. To, ba dutse ba ne. Wasu 'yan mitsi-mitsin dabbobi ne na teku, masu tara wa kansu gida mai tauri. Jan da ake yin tsakiya da shi daga Bahar Rum ake samo shi, a kogunan ƙarƙashin ruwa masu duhu. Amma akwai danginsa masu gina tuddai a tekuna masu ɗumi, kamar Bahar Maliya, waɗanda ba su rayuwa sai da haske.

Dalili kuwa, a cikin jikinsu akwai wasu tsirrai irin gansakuka, waɗanda ido ba ya gani. Su ke haɗa abinci da hasken rana, kamar yadda ganyen dawa ke yi, su ba murjanin yawancin abin da ya ke ci, shi kuma ya ba su masauki. Zaman cuɗe-ni-in-cuɗe-ka ke nan.

A Turai da Amurka mutane su kan kiwata shi a gida, cikin akwatin gilashi mai ruwan gishiri. Mai yin haka ya ɗaukar wa kansa aikin rana. Jan haske ba ya nisa cikin teku, kafin ƙafa 30 ya kusa ƙarewa, shuɗi ne ke ratsawa ƙasa. Saboda haka a kan zaɓi fitilar lantarki wadda shuɗi ya rinjaya a haskenta, a kunna ta awa 8 zuwa 12 kullum, sa'an nan a kashe, gama shi ma yana bukatar dare. Masu rassa da tauri a kan ajiye su sama kusa da fitila, masu taushi kuwa ƙasa.

In haske ya gaza, murjani ya dushe, ya daina girma. In ya yi yawa farat ɗaya, sai ya kori baƙin nan nasa, ya yi fari fat, yunwa ta kashe shi. Zafin ruwa ma ya kan jawo haka, kamar yadda ya faru a babban tudun murjani na Ostiraliya a 1998 da 2016. Don haka sabon murjani a kan fara shi da haske kaɗan, a riƙa ƙarawa mako-mako. Sannu ba ta hana zuwa.

Muna roƙon malamai, in sun zo darasin yadda tsiro ke samun abinci, su kawo wa yara wannan misali. Lalle za su riƙe shi.