Fashewar Faifan Ƙashin Baya a Karnuka da Illarta ga Laka

Ƙashin bayan kare jerin gaɓoɓi ne, 7 a wuya, 13 a ƙirji, 7 a ƙugu, kuma tsakanin kusan kowace gaɓa da ta kusa da ita akwai ɗan faifai na guringuntsi, mai tauri daga gefe, mai taushi da ruwa-ruwa a tsakiya, wanda ke shanye girgiza idan dabba tana gudu. Daidai saman waɗannan faya-fayai ne laka ta ratsa, wato babbar jijiyar da ke kai saƙo tsakanin ƙwaƙwalwa da ƙafafu da mafitsara.

A 1952 wani likitan dabbobi ɗan ƙasar Suwidin, Hans-Jörgen Hansen, ya kasa ciwon faifai gida biyu. A na farko tsakiyar faifan kan bushe tun kare yana ƙarami, daga baya ta fashe ta danne laka, abin da aka fi gani a karnukan Turai masu gajerun ƙafafu. A na biyu kuwa faifan kan kumbura sannu a hankali a manyan karnuka da suka tsufa. Akwai kuma nau'i na uku, wanda na'urar hoto ta MRI ta taimaka aka fahimce shi sosai, kuma shi ya fi cancanta masu karnuka su sani a ƙauyukan Hausawa na Jazira har zuwa Mai Wurno a ƙasar Sudan, domin karen da ke gadin gona ko bin garken awaki dogo ne siriri, mai yawan gudu da tsalle.

A wannan nau'in faifan lafiyarsa lau, amma mummunan tsalle, ko harbin jaki, ko bugun mota kan sa ɗan abin da ke tsakiyarsa ya fito da ƙarfi kamar dutsen majajjawa, ya bugi laka ya ƙuje ta, sannan ya watse ba tare da ya danne ta ba. Shi ya sa tiyata ba ta da amfani a nan. Karen kan yi kuka sau ɗaya, ya faɗi, ya tashi yana jan ƙafafun baya, sau da yawa gefe ɗaya ya fi mutuwa, kuma galibi abin ba ya ƙaruwa bayan kwana guda.

Abin da likita ke fara dubawa shi ne ko karen na jin zafi mai zurfi: yakan matse yatsan ƙafar baya da ƙarfi, idan karen ya waiwayo ko ya yi ƙara, to saƙo yana isa ƙwaƙwalwa. Janye ƙafa kawai ba shaida ba ce, domin laka kan yi hakan ita kaɗai. Mafi yawan karnukan da ke jin wannan zafin sukan koma tafiya cikin makonni, kodayake wasu sukan rage da ɗingishi ko kasa riƙe kashi da fitsari.

Jinyar ta haƙuri ce: a ɗauke shi bisa katako, a kwantar da shi kan busasshiyar tabarma a inuwa, a riƙa juya shi don kada gyambo ya fito, a lura ko yana fitsari. Kuskure ne babba a ba shi ibuprofen na mutane, domin yana ɓata wa kare ciki da ƙoda.

Da yake haukan kare ma yana shanye ƙafafu, akan yi gaggawar kashe irin wannan dabba. Amma na hauka yakan zo da sauyin hali da dalalar miyau da kasa haɗiya, yana kuma tsananta kullum, alhali mai ciwon faifai yana ci yana sha, yana gane ubangidansa. Duk da haka a nisanta yara da shi, kada a kai hannu kusa da bakinsa, a kira ma'aikacin lafiyar dabbobi ya duba shi kafin a yanke hukunci.