Tsoron wanka a wurin ɓeran masar

Tsoron wanka a wurin ɓeran masar shi ne halayen firgita da wannan dabba ke nunawa, tare da canje-canjen da ke faruwa a cikin jikinta, idan aka ɗauke ta aka sa a ruwa. Ɓeran masar (Cavia porcellus) ƙaramar dabba ce mai cin ciyawa, nauyinta yakan kai gram 700 zuwa 1,200, kuma ana kiwonta don sha'awa a gidaje da yawa, musamman a Turai da Amurka. Mafi yawan ɓerayen masar ba sa son wanka, ba kuma sa bukatarsa. Abin da ke rikita masu kiwo shi ne, wanda tsoro ya fi kamawa sau da yawa shi ne wanda yake tsayawa cik a cikin ruwa bai motsa ba, har a zaci daɗi yake ji.

Asalin tsoron

Duk da sunan da Hausawa suka ba shi, ɓeran masar ba daga Masar ya fito ba. Asalinsa yankin tsaunukan Andes ne a Kudancin Amurka, inda ƙasashen Peru da Bolibiya da Ekwado suke a yau. Mutanen yankin sun fara kiwonsa don nama dubban shekaru da suka wuce, kuma a ƙarni na 16 ne fatake suka kai shi Turai. A Afirka ana kiwonsa a ƙasashe irin su Kamaru da Kwango da Tanzaniya, galibi don ci.

'Yan'uwansa na daji suna rayuwa a cikin ciyawa, suna bin 'yan hanyoyin da suka tattake a ƙarƙashinta, sun fi fitowa kiwo da asuba da kuma almuru. Shaho da macizai da kuliyoyin daji duk suna farautarsu. Ba su da ƙaho, ba su da farcen faɗa, ba su iya hawan bishiya. Abin da suka dogara da shi wajen tsira biyu ne: su daskare a wuri ɗaya har mafarauci ya wuce bai lura ba, ko kuma su watse da gudu kowa ya nufi maɓoya. Na gida ya gaji duka biyun. A 1999 masu bincike Christine Künzl da Norbert Sachser na Jami'ar Münster da ke Jamus sun kwatanta na gida da na daji, suka ga cewa na gida bai kai na daji saurin razana ba. Kiwo ya rage ƙarfin tsoron, amma bai kawar da shi ba.

Wanka yana haɗa abubuwa da dama da wannan dabba ta tsana a lokaci guda. Hannun da ya sauko daga sama ya ɗauke ta ya yi kama da farmakin tsuntsu. An raba ta da abokan zamanta, an kai ta wurin da ba ta sani ba, mai haske, babu inda za ta shige ta ɓuya. Gindin baho ko roba yana da santsi, ƙafafunta kuwa gajeru ne, yatsu huɗu a gaba, uku a baya, don haka sai ta riƙa zamewa. Ga ƙarar famfo, alhali kunnenta yana jin siraran sautuka da kunnen mutum ba ya kamawa. Ɓeran masar ya iya iyo idan ya faɗa ruwa, amma iyawar ta neman tsira ce, ba alamar yana so ba ne.

Alamomin da ake gani

Daskarewa ita ce alamar da aka fi yi wa mummunar fahimta. Dabbar takan sandare, idanu a buɗe warwar har wani lokaci farinsu ya bayyana, jiki a ɗaure, numfashi sama-sama da sauri. Mai kiwo zai iya cuɗa ta da sabulu ya ɗauraye ba ta ko motsa ba, ya tashi yana cewa tasa mai haƙuri ce. Bambancin yana cikin jiki. Ɓeran masar da hankalinsa ke kwance yakan saki jiki, ya miƙe ƙafa, ya lumshe ido, ya shinshina abin da ke kusa da shi, kuma idan aka miƙa masa ganye zai karɓa. Wanda ya daskare ba ya karɓar abinci ko da wanda ya fi so ne, shi ya sa masu kiwo da yawa suke gwadawa da ɗan yankin kokwamba ko latas. Akwai kuma matakin da ya wuce wannan, inda dabbar kan saki jiki gaba ɗaya kamar ta mutu, musamman idan aka kwantar da ita rigingine. Wannan ma dabarar tsira ce da ake gani a kaji da zomaye, kuma tana nuna tsoro ya kai matuƙa.

Sauran alamomin ba su da wuyar ganewa. Akwai ƙara mai tsini da yake ƙwallawa idan ya razana ko ya ji zafi, wadda ta bambanta da kukan da yake yi idan ya ji motsin abinci. Akwai kaɗa haƙora, wanda gargaɗi ne cewa a rabu da shi. Yakan yi wani gajeren gurnani sau ɗaya sannan ya tsaya cik, saɓanin dogon gurnani mai laushi na jin daɗi. Wasu sukan yi fitsari ko kashi a cikin ruwan, wasu gashinsu ya riƙa zuba a hannun mai riƙe da su, wasu su yi ta karkarwa. Cizo ba halinsa ba ne, don haka idan ya kai ga cizo, abin ya yi masa yawa.

Gudu shi ne ya fi jawo rauni nan take. Idanun ɓeran masar suna gefen kai, yana hango kusan duk abin da ke kewaye da shi, amma ba ya iya auna nisa da zurfi sosai. Jiƙaƙƙen jiki mai sabulu yana da saurin suɓucewa daga hannu, kuma faɗowa daga kan tebur na iya karya masa haƙori ko ƙafa ko ƙashin baya.

Abin da ke faruwa a cikin jiki

Da zarar dabbar ta razana, wasu ƙananan gaɓɓai biyu da ke saman ƙoda sukan saki sinadarin adirenalin. Bugun zuciya yana ƙaruwa, alhali ko yana hutawa zuciyarsa na bugawa fiye da sau 200 a minti ɗaya. Jini yana karkata zuwa tsoka, aikin hanji kuma yana raguwa. Bayan 'yan mintoci sai sinadarin kotisol ya biyo baya, wanda ke daɗewa a jini bayan abin tsoron ya wuce. Ta wannan fuska ɓeran masar ya fi kama da mutum a kan ɓeran gida, wanda jikinsa ya fi dogara da wani sinadarin daban, kuma wannan na cikin dalilan da suka sa masana suke amfani da shi wajen nazarin damuwa.

Raguwar aikin hanji ba ƙaramin abu ba ne a wurinsa. Cikinsa an gina shi ne a kan cin ciyawa kusan ba tsayawa, dare da rana. Idan firgici ya sa ya ƙi cin abinci, hanjin yana iya tsayawa, iska ta taru, ciki ya kumbura. Likitocin dabbobi suna ɗaukar ɓeran masar da ya yi wuni bai ci ba kuma bai yi kashi ba a matsayin mai bukatar agajin gaggawa. Hatsarin ya fi yawa ga mace mai tsohon ciki, domin damuwa da rashin ci suna iya jefa ta cikin wata cuta mai kisa da ke kama su gab da haihuwa. Cikin nasu yana ɗaukar kwana 59 zuwa 72.

Sai kuma sanyi. Zafin jikinsa yana wajen digiri 38 zuwa 39 a ma'aunin Salshiyas, kuma ya fi jin daɗin wuri mai digiri 18 zuwa 24. Ƙaramin jiki yana saurin rasa ɗumi, gashinsa mai kauri kuma yana riƙe ruwa. Dabbar da ta kwana da danshi, ga damuwa ta raunana garkuwar jikinta, tana iya kamuwa da ciwon huhu, wanda yana cikin manyan cututtukan da ke kashe ɓerayen masar. A wuraren da ake hunturu, wankan safe ko na yamma a wannan lokaci ya fi kowanne hatsari. Zafin da ya wuce kima shi ma kisa yake yi, domin dabbar ba ta iya fitar da zafi ta hanyar gumi, don haka na'urar busar da gashi mai zafi ko shanya ta a rana tsaka ba mafita ba ne.

Lokacin da wanka ya zama dole

Ɓeran masar yana gyara jikinsa da kansa. Wani farin ruwa mai kama da madara yakan fito daga idanunsa, ya shafa shi a fuska da ƙafafun gaba, ya taje gashinsa da haƙora da farce. Mai gajeren gashi da ke zaune a keji mai tsabta zai iya ƙare rayuwarsa ba a yi masa wanka ba, ko a yi masa sau ɗaya ko biyu a shekara. Wari yawanci daga shimfiɗar keji yake fitowa, kuma canja ta ya fi wanka amfani. Yawan wanka yana busar da fata.

Masu dogon gashi, irin wanda ake kira na Peru, gashin bayansu yakan jiƙe da fitsari ya cure. A lokacin zafi wannan yana jawo ƙudaje su yi ƙwai, tsutsa ta ci fata. Maza suna da wani wuri a ƙarshen gadon baya da ke fitar da maiƙo, wanda kan daskare ya yi ƙiri. Tsofaffi da masu ciwon gaɓɓai ba sa iya juyawa su gyara bayansu. A mafi yawan irin waɗannan, aske gashin wurin da wanke bayan kawai ya wadatar. Likita kuma yana iya ba da sabulun magani saboda makero.

Akwai yanayi ɗaya da wanka ke ƙara cuta. Wani ɗan ƙwaro da ido ba ya gani, Trixacarus caviae, yana haƙa cikin fata ya haddasa ƙaiƙayi mai tsanani da zubar gashi. Mai kiwo da ya ga susa yakan zaci datti ne ya kawo ruwa, alhali ƙwaron yana can cikin fata inda sabulu ba ya kaiwa, kuma taɓa fatar na iya sa dabbar ta faɗi tana shure-shure kamar mai farfaɗiya. Maganinsa yana wurin likitan dabbobi.

Rage firgici

Masu kula da dabbobi suna ba da shawarar a yi wankan a ƙasa, a cikin roba mai faɗi, a ɗaki mai ɗumi da ba iska. A zuba ruwan tun kafin a kawo dabbar, mai ɗumi kaɗan, zurfinsa kada ya wuce ƙafafunta. A shimfiɗa tawul a gindin robar domin ta sami abin takawa, wanda shi kaɗai yana rage kokawa ƙwarai. Hannu ɗaya ya kasance a ƙarƙashin ƙirjinta koyaushe, a riƙa zuba ruwa da kofi daga kafaɗa zuwa baya, kada ya taɓa fuska ko ya shiga kunne da hanci. Sabulun mutane da omo ba su dace da fatarta ba. A gama cikin 'yan mintoci, a naɗe ta a tawul, kuma kada a mayar da ita keji sai gashin ya bushe har gindinsa.

Abokin zama yana da tasiri. Binciken da aka yi a Münster da wanda Michael Hennessy ya yi a Amurka sun nuna cewa kotisol ba ya hawa sosai a jinin ɓeran masar da aka kai baƙon wuri idan yana tare da wanda ya shaƙu da shi. Wannan bukata ta zama tare ita ce ta sa ƙasar Suwizalan, tun 2008, ta hana a ajiye ɓeran masar shi kaɗai. Don haka wasu masu kiwo sukan ajiye abokin a kusa inda za su ji juna. Akwai kuma wani dalili: ɓerayen masar da ƙanshi suke gane juna, kuma wanda aka wanke shi kaɗai ya koma da ƙanshin sabulu yana iya fuskantar faɗa daga abokinsa, musamman idan maza ne.

Bayan wanka ana lura da dabbar na tsawon kwana ɗaya ko biyu. Idan ta koma cin busasshiyar ciyawarta kuma tana kashi kamar kullum, firgicin ya wuce. Ƙin ci, zama a takure a lungu da gashi a tashe, atishawa, majina, ko numfashi mai ƙara, alamu ne na a kai ta wurin likitan dabbobi a ranar.