Keke a Akwati, Iyali a Otal: Jan Kunne ga Masu Tseren Uku

Akwai wani wasa da ake kira tirayatlon, wanda a Hausance za mu ce masa tseren uku: mutum ya faɗa ruwa ya yi iyo, ya fito ya haye keke, ya sauka ya ɗora da gudu, duk a jere ba hutawa. A birnin San Diyego na Amurka aka fara shirya shi a sigar da aka sani yanzu, a 1974, ya kuma shiga gasar Olamfik a Sidni a 2000, inda ake iyon kilomita 1.5, tuƙin keke na kilomita 40, da gudun kilomita 10. Babbansa shi ne Ironman, wanda aka fara a tsibirin Hawai a 1978 da mutum 15 kacal: iyon kusan kilomita 4, keke kilomita 180, sannan gudun fanfalaki na kilomita 42. Yau dubban mutane ne ke yin sa, kuma yawancinsu ba 'yan wasa ba ne na sana'a. Likitoci ne da malamai da ma'aikatan banki, magidanta masu mata da 'ya'ya.

A nan matsalar take. Wanda ke shirin Ironman yakan ba atisaye awa goma zuwa goma sha biyar a mako, wani ma fiye. Awannin nan ba daga ofis ake cire su ba, daga gida ake cirewa. Asabar ta tafi kan keke, Lahadi ta tafi a gudu. Matar gida da yara sun yi haƙuri wata da watanni, suna jiran hutun makaranta. Hutu ya zo, an sayi tikiti, sai ga maigida yana kwance keke yana cusawa a akwati, ya kuma riga ya zaɓi otal saboda tsawon wurin iyonsa, ba don abin da yara za su gani ba. A Turai har wuraren da suka shahara da wannan akwai, irin tsibiran Mayoka da Lanzarote na ƙasar Sifen, inda 'yan keke ke tururuwa. Wasu kuma wayo suke yi: su yi rajistar gasa a wani gari mai kyau, su ce wa iyali an tafi hutu. Kwana biyu kafin tsere ba ya yawo don kada ƙafa ta gaji, ranar tsere iyali suna tsaye a rana tun asuba, washegari kuma ko matakala ba ya iya sauka. Wannan rakiya ce iyali suka yi, a kira ta da sunanta. Ba maza kaɗai ke yi ba, mata masu wasan ma sukan faɗa ciki.

Abin da ke ingiza su tsoro ne: kada mako ɗaya ya rushe abin da aka gina a wata shida. To, masana sun daɗe da auna wannan. A wani bincike da Edward Coyle da abokan aikinsa suka wallafa a Amurka a 1984, ƙwararrun 'yan tsere sun daina atisaye gaba ɗaya, sai aka ga ƙarfin jikinsu na amfani da iskar numfashi ya ragu da kusan kashi 7 cikin ɗari bayan mako uku. A lura, wannan ga wanda ya zauna ne bai yi komai ba har kwana 21. Binciken Robert Hickson na farkon shekarun 1980 ya fi shafar mai tafiya hutu. Ya sa mutane atisaye kwana shida a mako, sannan ya rage wa wasu zuwa kwana biyu, amma suna yi da ƙarfi kamar dā. Har mako 15 ƙarfin numfashinsu bai sauka ba. Sai da aka sassauta ƙarfin atisayen kansa ne aka ga koma-baya. Ke nan gudun minti talatin ko arba'in mai zafi, sau biyu ko uku a mako, ya isa ya riƙe wa mutum jikinsa har ya dawo. Su kansu masu horarwa sukan tsara mako mai sauƙi bayan kowane mako uku ko huɗu na wahala, domin a lokacin hutawa ne tsoka ke gyaruwa. Mai hankali sai ya duba kalanda tun farkon shekara, ya sa makon sauƙin ya faɗo kan tafiyar iyali, ko kuma ya ɗaga tafiyar zuwa bayan gasa. Taura biyu ba ta taunuwa.

Sai dai ɓacin ran iyali shi ne ƙaramin abin da ke iya faruwa. Babban shi ne a tafi da mutum a dawo ba shi.

Ruwa ya fi komai cin rai a wasan nan. Wani nazari da aka wallafa a 2017 ya tattara mace-mace da tsayawar zuciya guda 135 da suka auku a gasannin Amurka daga 1985 zuwa 2016, aka tarar 90 daga ciki a wajen iyo suka faru, kuma yawancin waɗanda abin ya shafa maza ne masu matsakaicin shekaru, da dama suna da ciwon zuciyar da ba su san da shi ba. Wannan fa a gasa ne, inda akwai kwale-kwalen ceto da likitoci a bakin ruwa. Ina ga wanda ya sulale da sassafe shi kaɗai, don kada ya tashi yara, ya shiga tekun da bai sani ba? Teku tana da wata igiya mai jan mutum daga gaɓa zuwa ciki, sau da yawa kuma wurin da take shi ne ya fi kama da kwantacce. Wanda ta kama, kada ya yi kokawa da ita yana neman gaɓa kai-tsaye, don ƙarfinsa zai ƙare. Ya bi gefe, daidai da tsawon gaɓa, har ya fita daga cikinta, ko ya kwanta bisa ruwa ya ɗaga hannu. Inda akwai masu ceto, a yi iyo tsakanin tutocinsu masu launin ja da rawaya. Inda babu su, a haƙura da wurin wankan otal.

'Yan uwanmu mazauna ƙasashen waje da kan zo gida hutu suna da nasu na daban. Dam da tafki da kududdufi suna da daɗin kallo, amma a yawancin ruwan daɗi na Afirka akwai tsargiya. Ƙwayar cutar tana fitowa daga jikin dodon koɗi, ta ratsa fata ba tare da mutum ya ji ba, sai bayan makonni a ga zazzaɓi, daga baya fitsarin jini. Ko manyan tafkuna masu jan 'yan yawon buɗe ido, irin na Malawi da Biktoriya, ba su tsira ba. Uba in ya shiga, yara za su bi.

Zafi ma ba ya jin kunyar gwani. A watan Satumban 2016, a wata gasar tirayatlon a Kozumel ta ƙasar Meziko, Jonny Brownlee na Ingila yana kan gaba, saura 'yan ɗaruruwan mita ya kai, zafi ya bugar da shi ya fara tangaɗi kamar mashayi. Sai yayansa Alistair, mai zinaren Olamfik biyu, ya rungumo shi ya kai shi layi ya tura shi. Jiki yana bukatar mako ɗaya zuwa biyu kafin ya saba da zafin sabon wuri, wato kusan tsawon hutun gaba ɗaya. Wanda ya taso daga sanyin Landan ya sauka a Kano ko Yamai a watan Afrilu, ya ce zai yi gudun da ya saba da tsakar rana, ya ɗauko wa kansa. Ciwon kai, jiri, amai, rikicewar magana, in an ga ɗaya a tsaya, a nemi inuwa, a jiƙa jiki da ruwan sanyi. In hankali ya fara gushewa, asibiti kawai. Kada kuma a yi ta ɗirkar ruwa zalla fiye da ƙishi na awanni, domin gishirin jini kan faɗi, shi ma yana kisa.

Batun keke gajere ne. Baƙo ko da ido makaho ne. A Ingila da Kenya da Afirka ta Kudu hannun hagu ake bi, a Najeriya da Nijar da Faransa hannun dama, kuma a mahaɗar hanya ne mutum kan manta. Hular kwano dole ce, a kuma duba ko inshorar tafiya ta haɗa da haɗarin wasa, don da yawa ba ta haɗa ba. Ni dai shawarata a bar keken a gida. Takalmin gudu ba ya cin wuri a jaka, ba a biyan masa kuɗin kaya a jirgi, ba ya kuma ɗauke mutum awa biyar.

Sauran magana a zaure za a gama ta, kafin a sayi tikiti. A zauna da uwargida a faɗi gaskiya: kwana nawa za a fita, ƙarfe nawa, minti nawa. In an ce bayan sallar asuba ne, a dawo kafin yara su karya, to a dawo ɗin. Ita ma a ware mata nata lokacin da maigida zai riƙe yara, don ba raino ta zo yi ba. Kuma duk ranar da za a fita, a gaya mata hanyar da za a bi da lokacin dawowa, a sa katin otal da lambar wayarta a aljihu.