Shan iska ya dawo bakin gari: inuwar da muke cin kasuwa a ƙarƙashinta tana raguwa

Duk wanda ya fita bayan gari ranar Lahadi da hantsi, ko kashegarin salla, ko ranar 1 ga watan Janairu, a Yamai ne ko Maraɗi ko Damagaram, zai ga abin da iyayenmu ba su saba gani ba. Motoci da kabu-kabu ɗauke da tabarmi, tukwane, butar shayi da ƙullin gawayi, duk sun nufi inda itatuwa suke. Ƴan fada su tara kuɗi su sayi kaji ko rago, mata ƴan adashi su yi anko su kwashi yara, a shimfiɗa a inuwa, a ci a sha har la'asar sakaliya. Mu da muke neman abinci a kasuwa ya kamata mu dubi wannan sabuwar ɗabi'a da idon basira, domin akwai ciniki a cikinta, akwai kuma abin da zai iya kashe cinikin.

Yadda abin yake a da

A tasowarmu, ba a zuwa daji don a zauna kawai. Daji wurin nema ne: mata su yi itace, masu magani su haƙo saiwa, masu saƙa su yanko kaba, yara kuma su cika aljihu da magarya, kanya, aduwa da goriba. In akwai nishaɗi a ciki, to farauta ce, bayan an kawar da amfanin gona, maharba su fito da karnuka da ganguna a bazu cikin dawa.

Zuwa daji don kallo da hutu kuwa, ana ɗaukarsa aikin Nasara ne da manyan ma'aikata. Su ne ke tafiya gandun dajin W, wanda aka kafa a 1954, mai faɗin eka dubu 220 a ɓangaren ƙasarmu, wanda hukumar UNESCO ta sa cikin kayan gadon duniya a 1996. Su kwana a otal ɗin Tapowa, su kalli giwaye da ɓauna. Su ne kuma ke zuwa Kure, kimanin kilomita 60 daga Yamai, kallon raƙuman dawa, waɗanda a ƙidayar 1996 saura 49 kacal, amma da aka kula da su suka haura 600 kafin 2020. Kuɗin waɗannan baƙi yana shiga hannun ƴan jagora, masu hayar motoci, dukawa da maƙeran azurfa. Mai tuyar ƙosai a bakin kasuwa ba ta ganin ko dala.

Abin da ya juya al'amarin

Abu na farko shi ne tsaro. Ranar 9 ga watan Agusta na 2020, ƴan bindiga suka kashe mutum 8 a Kure, Faransawa 6 ma'aikatan agaji da ƴan ƙasa 2, wato direbansu da ɗan jagora. Daga nan hukuma ta hana shiga wurin, ƙafar baƙi ta ɗauke. Gandun W ma matsalar ƴan bindiga ta mamaye shi. A jahar Maraɗi, dajin Babban Rafi da ke gundumar Madarunfa, wanda a da har giwaye kan shigo, ya yi ƙaurin suna saboda masu satar shanu da masu sace mutane don kuɗin fansa da ke kai-komo a kan iyaka. Babu uban da zai kwashi iyalinsa ya nufi irin waɗannan wurare da sunan hutu.

Abu na biyu, birane sun cika sun batse. Gidan da a da yake da tsakar gida da bishiyar dogon yaro, yau an yanka shi ɗaki-ɗaki an sa ƴan haya. In bazara ta kankama, zafi ya wuce awo 40, wuta ta ɗauke, ɗakin kwano ba ya zaunuwa. Inuwa ta zama abin nema.

Na uku ita ce salula. Matasa suna son wuri mai ganye da za su ɗauki hoto su sa a WhatsApp ko Facebook ko TikTok, wanda ya gani kuma ya tambayi inda wurin yake. Da haka shan iska ya bar dawa mai nisa ya dawo bakin gari: garakan mangwaro na bakin Isa a Yamai, na gulbin Maraɗi, da duk wani kurmi da kabu-kabu zai iya kai mutum ya dawo da shi kafin magariba.

Sabuwar kasuwa

Bambancin wannan baƙo da na da shi ne, na yanzu namu ne, abincinmu yake ci, ba ya jiran jirgi ya sauke shi. Kafin ya bar gari ya biya wurin mahauci, mai kayan miya, mai burodi, mai shayi da sukari. In ya isa, ga mai ƙanƙara, mai soɓo da kunun aya, mai fura da nono, mai dambun zogala, mai tsire da kilishi. Akwai masu ba da hayar tabarmi, kujeru da rumfa, akwai matan da ake ɗauka su yi dahuwar taro. Wasu masu garaka sun gane, sun kewaye wurarensu suna karɓar kuɗin shiga, sai ga itace ɗaya yana ba da riba biyu, ta ƴaƴa da ta inuwa. Ciniki ne na ƙaramin jari, wanda mace za ta fara da kula ɗaya da bokiti.

Inda gizo ke saƙa

Sai dai duk wannan ciniki a kan itace yake tsaye, itacen kuma yana tafiya. Mu ɗauki kurmin da aka yi wa Yamai ɗamara da shi, wanda ake kira Ceinture Verte. An fara dasa shi a 1965, aka tsara masa eka 2,500, mafi yawansa dogon yaro ne da turare, don ya tare wa birnin iska da ƙura. Duk mazaunin Yamai ya san yadda aka yi ta yankarsa fegi-fegi, aka yi gine-gine, wani wurin kuma ya koma juji. Abin da ya saura shi jama'a ke rububi.

Mu ma da namu laifin. A je wurin da aka yi taro kashegari da safe: leda baƙa da fara, robobin ruwa, ƙasusuwa, tokar gawayi a gindin itace, rassa a kakkarye an hura wuta da su. Ledar nan daga teburinmu ta fito, alhali tun 2014 akwai dokar da ta hana shigo da irinta da sayar da ita. Tunkiya ta ci ta kumbura, ƙasa ta ƙi shan ruwa, garwashin da aka bari ya ƙone saiwa. Wurin da ya yi wari babu mai dawowa cikinsa da iyalinsa, in kuma ba a dawo ba, mai soɓo ita za ta fara ji a jikinta.

Mun san cikinmu akwai masu sayar da itacen girki da gawayi, kuma ba za a ce su bar sana'a ba. Amma tun 1992 aka kafa tsarin kasuwannin itace na karkara, inda ake sara da izini bisa ƙa'ida. Sayen itacen da aka saro da dare daga kurmin bakin gari, tamkar mutum ne yana cire azarar rumfarsa yana dahuwa da ita.

Gyara ba gagara ba ne. A Maraɗi aka yi babban taron yaƙi da hamada a 1984, kuma manoman Maraɗi da Damagaram ne suka raya itatuwa a gonaki kimanin eka miliyan 5 ta hanyar sassaɓin zamani, wato barin tohon kututture ya girma maimakon a sare shi. In manomi ya iya, ɗan kasuwa ma zai iya.

Abin da ya rage gare mu kaɗan ne. Duk mai kai kaya wurin shan iska ta tafi da buhun da za ta kwashe shararta. Masu gashi su ja murhu nesa da gindin itace, su kashe wuta kafin su tashi. Ƙungiyoyin ƴan kasuwa da na mata su tunkari magajin gari da ma'aikatan gandun daji a ware wuraren sayarwa, a sa tukwanen shara, a daina yanka abin da ya saura. Ranar 3 ga watan Agusta kuma, ranar dashen itace, kowace ƙungiya ta dasa nata a inda take cin kasuwa, ta kuma sa mai ban ruwa har ya kama, domin dashe ba shi ne wuya ba, reno ne.

Allah ya ba mu kasuwa mai albarka, ya kawo mana zaman lafiya a dazuzzukanmu, amin.