Sauya Gwiwoyi Biyu a Tiyata Ɗaya: Bayani ga Masu Bayarwa da Kwamitocin Masallatai

Daga cikin buƙatun jinya da kwamitocin masallatai ke miƙo wa Gidauniya, kaɗan ne suka kai na sauya gwiwa nauyi. Kuɗinsa da yawa, jinyarsa doguwa ce, kuma mai nemansa sau tari dattijo ne ko dattijuwa da ciwo ya riga ya raba da sana'a da jam'i. Nauyin kan ninku idan likita ya ce gwiwoyin biyu duka sun lalace. Saboda dukiyar zakka da waƙafi amana ce, ya wajaba wanda ya bayar da wanda ya sa hannu a takardar shaida su san mene ne wannan aiki, wa ya dace da shi, da abin da ke biyo bayansa.

Yadda gwiwa ke lalacewa

Ƙasusuwa uku ne suka haɗu a gwiwa: ƙashin cinya, ƙashin ƙwauri da ƙoƙon gwiwa. Allah cikin hikimarsa ya lulluɓe bakunansu da guringuntsi mai santsi domin kada ƙashi ya gogi ƙashi. Tsufa, ƙiba, tsohon rauni, gado, da shekaru na ɗaukar kaya masu nauyi suna cinye wannan guringuntsi, kuma idan ya cinye ba ya tsirowa. Daga nan ciwo ke farawa, da kumburi, da sagewa bayan dogon zama, har ƙafafu su gwame. Cutar ta fi kama mata, kuma ta kan taɓa gwiwoyin biyu, ko da ɗaya ta riga ɗaya tsanani.

Tiyata ita ce mataki na ƙarshe. Kafin a kai gare ta akwai rage ƙiba, motsa jiki don ƙarfafa naman cinya, magungunan rage raɗaɗi, sandar dogarawa, da allurar cikin gaɓa. Sai waɗannan sun gaza, ciwo ya hana barci da tafiya, hoton ƙashi kuma ya nuna lalacewar ta kai maƙura, sannan likitan ƙashi ke maganar sauyawa.

Abin da ake yi a ɗakin tiyata

Mutane da yawa sun ɗauka cire gwiwar ake yi ɗungurungum. Abin da likita ke yi shi ne shafte bakin ƙasusuwan da suka lalace, ya sa musu murfin ƙarfe, ya liƙe da wani siminti na musamman, sa'annan ya saka faifan roba mai tauri a tsakani ya maye gurbin guringuntsi. Salon da ake bi a yau ya samo asali ne daga aikin Dakta John Insall da abokan aikinsa a birnin New York na Amurka a 1974. Wani nazari da mujallar likitanci ta The Lancet ta buga a 2019 ya nuna cewa kimanin kashi 82 cikin 100 na irin waɗannan gwiwoyi suna nan suna aiki bayan shekara 25. A Nijeriya ana yin aikin a asibitocin ƙashi na tarayya, kamar na Dala a Kano da na Igbobi a Legas da na Inugu, da wasu asibitocin koyarwa da masu zaman kansu. Kayan da ake sakawa daga ƙetare ake shigo da su, don haka farashinsu na tafiya da canjin dala, kuma ya yi tashin gwauron zabi tun faɗuwar darajar naira a 2023.

A haɗa ko a raba

Idan gwiwoyin biyu ne suka lalace, hanya biyu ce. Ko dai a yi su a zama ɗaya, ko a yi ɗaya a jira ta warke, yawanci wata uku ko fiye, sa'annan a yi ta biyu.

Haɗawa na da fa'idodi bayyanannu. Sau ɗaya za a sa majiyyaci barci ko a yi masa allurar kashe zafi ta gadon baya, sau ɗaya zai kwanta asibiti, sau ɗaya iyali za su yi zaman jinya. Ƙafafun biyu kuma za su miƙe tare, ba a bar gwamammiya tana ja wa gyararriya ci baya ba. Jimillar kuɗin gado da magani ta kan ragu, ko da yake kuɗin ƙarfen biyu ne ko ta wace hanya aka bi.

Sai dai jiki ne ke biyan wannan sauƙi. Aikin ya fi tsawo, jini ya fi zuba, buƙatar ƙarin jini ta fi yawa, kuma haɗarin daskarewar jini a jijiyar ƙafa, wanda ke iya ɓallewa ya toshe huhu, ya fi girma. Zuciya ma ta fi wahala. Bayan an farka kuma babu lafiyayyar ƙafar da za a dogara da ita. Shi ya sa likitoci kan keɓe haɗawa ga wanda jikinsa ke da ƙwari, su guje ta ga wanda shekarunsa suka ja sosai, ko mai ciwon zuciya, huhu ko ƙoda, ko wanda ya taɓa samun shanyewar ɓarin jiki.

A nan akwai jan hankali ga kwamitoci. Arahar haɗawa ba hujja ba ce ta matsa wa likita ko majiyyaci. Hukuncin na likitan ƙashi ne da likitan da ke sa barci, bayan gwajin jini da na zuciya. Idan sun ce a raba, to a tsara tallafin kashi biyu, a kuma ware kuɗin aiki na biyu tun daga farko, domin kada a bar bawan Allah da ƙafa ɗaya a gyare, ɗaya na jiran tsammani.

Shiri kafin ranar aiki

Babban abokin gaban gwiwar ƙarfe shi ne ƙwayar cuta. Idan ta shiga, a kan koma tiyata, wani lokaci har a cire abin da aka saka, kuma kuɗin gyaran ya kan zarce na aikin farko. Saboda haka sai an daidaita ciwon suga da hawan jini, an magance ƙarancin jini da ruɓaɓɓen haƙori da duk wani gyambo, mai shan taba kuma ya daina. Tsaga da ƙaho da sakiya a kan gwiwa suna buɗe wa cuta ƙofa, don haka a bar su, kuma a gaya wa likita duk wani magani na gargajiya da ake sha. Dangi su shirya ba da jini tun da wuri.

Gida ma yana buƙatar shiri. Wanda aka sauya wa gwiwoyi biyu ba zai iya tsugunawa a masai ba, ba zai iya tashi daga tabarma ko katifar ƙasa ba. Yana buƙatar gado mai tsayi, kujera mai hannu, kujerar bahaya, ƙarfen dogarawa mai ƙafa huɗu, da mutum tsayayye da zai kwana tare da shi a makonnin farko.

Hanyar warkewa

Tun a ranar aiki ko washegari ake tayar da majiyyaci ya taka da taimakon ma'aikatan gashin ƙashi, domin kwanciya na jawo daskarewar jini da sagewar gaɓa. A kan sallame shi bayan 'yan kwanaki, a cire ɗinki wajen mako biyu, ya ci gaba da maganin tsinka jini na tsawon lokacin da likita ya ɗiba. Makonni shida na farko su ne mafiya wuya, kuma su ne mafiya muhimmanci. A cikinsu ake neman gwiwa ta miƙe sarai, ta kuma lanƙwashe zuwa digiri 90 da abin da ya fi. Wanda ya bar atisaye saboda zafi ko rashin kuɗin mota, tabon ciki na iya ƙanƙame masa gwiwa, har sai an sake sa shi barci an lanƙwasa ta da ƙarfi. Zuwa wata uku yawancin mutane sun koma harkokinsu na yau da kullum, amma kumburi da ɗumin gwiwa kan daɗe, cikakken ƙarfi kuma kan ɗauki shekara guda. Sannu ba ta hana zuwa.

Alamomi huɗu ne ba a kwana da su a gida: zazzaɓi tare da ja ko ruwa daga rauni, kumburin sha-raɓa mai zafi, ciwon ƙirji, da sarƙewar numfashi. Duk wanda ya ga ɗayansu ya garzaya asibiti.

Batun salla

Tambayar da dattawa suka fi yi ita ce ko za su koma sujada da zaman tahiya. Gaskiya ita ce tafiya na buƙatar lanƙwasa ta kimanin digiri 65, tashi daga kujera kimanin 95, zaman tahiya kuwa wajen 150. Gwiwar ƙarfe yawanci tana tsayawa ne tsakanin 110 da 125. Wasu kan iya durƙusawa bayan watanni, da yawa kuwa za su ci gaba da salla a kan kujera. Ya kamata a faɗa wa majiyyaci haka kafin aiki, kada ya ga kamar an yaudare shi. Shari'a ta riga ta yi rangwame: hadisin Imrana ɗan Husaini, Allah ya yarda da shi, wanda Imamu Bukhari ya ruwaito, ya halatta wa mara lafiya salla a zaune idan tsayuwa ta gagara. Liman ya koya masa yadda zai yi nuni ga ruku'u da sujada, kwamiti kuma ya tanadi kujeru masu ƙwari a gefen sahu, da wurin zama a wajen alwala, da gangare a ƙofar da ke da matakala.

Rabon zakka da rabon waƙafi

Aya ta 60 a Suratut Tauba ta ƙayyade rukunai takwas na masu cin zakka. Majiyyacin da abin hannunsa bai kai ga magani ba yana cikin faƙirai da miskinai, wanda kuma ya ci bashi don jinya ya kasa biya yana cikin masu bashi. Zakka mallakawa ake yi, don haka ta dace da kuɗin aiki da magani da abinci da sufuri na mutum ayyananne. Waƙafi kuwa asalinsa na zaune, amfaninsa ke gudana. Malikiyya sun halatta hubusin abin da ake iya ɗauka, saboda haka ƙarfen dogarawa, keken marasa lafiya da kujerar bahaya na iya zama waƙafin masallaci, a ara wa wannan, ya warke ya mayar, a ara wa wancan. Magabata sun yi fiye da haka: asibitin da Nuruddin Zanki ya gina a Dimashƙa a 1154, da wanda Sarki Ƙalawun ya gina a Alƙahira a 1284, duka da dukiyar waƙafi aka riƙe su.

Roƙonmu ga kwamitoci shi ne kada a miƙo buƙata sai da rahoton likitan ƙashi, da ƙiyasin kuɗi daga asibiti, da sunan wanda zai yi jinya, da lissafin gashin ƙashi da kuɗin mota na aƙalla wata uku. Roƙonmu ga masu bayarwa kuma shi ne su ɗauki waɗannan watanni a matsayin ɓangare na aikin, domin tiyatar miliyoyin naira na iya tashi a banza saboda rashin kuɗin zuwa asibiti sau biyu a mako.

Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya karɓa daga masu bayarwa, ya sanya albarka a abin da suka rage.